Bambancin AM da SSB, da dalilin da ya sa muryar ke fita kamar kukan agwagwa

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Talatar Mafara. Lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, na ga motar wasu ma'aikatan agaji mai doguwar eriya, suna magana da ofishinsu alhali babu netwok, da na tambaya aka ce mini rediyon SSB ne. Bana na sayi ƙaramin rediyo mai maɓallin da aka rubuta wa SSB, amma idan ina neman tasha a gajeren zango sai in riƙa jin wasu muryoyi kamar kukan agwagwa, ko kalma ɗaya ba na ganewa. Mene ne bambancinsa da AM da muka sani? In har ya fi AM, me ya hana gidajen rediyo komawa kansa? Sannan ƙungiyarmu ta manoman rani a Bakolori za ta iya amfani da shi ta riƙa magana da wakilinta a Gusau?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka uku ne, amma saiwarsu ɗaya ce: idan za a aika murya ta iska, wa zai ɗauki wahala da tsadar aikin, mai watsawa ko mai saurare? Tsarin AM ya ɗora nauyin a kan mai watsawa domin akwatin mai saurare ya yi araha, tsarin SSB kuwa ya sauke wa mai watsawa nauyin ya miƙa wa mai saurare. Na yi shekaru a ɗakin taransimita, wato injin watsa shirye-shirye, ta matsakaicin zango kafin na koma girka rediyon gajeren zango a asibitocin karkara da motoci, saboda haka na yi aiki da tsarin biyu da hannuna, kuma zan yi bayanin yadda za ka iya ɗauka ka kai wa ɗalibanka.

Yadda murya ke hawa igiyar rediyo

Makirfo yana mayar da girgizar iska ta zama girgizar lantarki, kuma abin da ake buƙata domin a fahimci maganar mutum yana tsakanin bugu 300 da bugu 3,000 a sakan ɗaya. Ba a iya watsa wannan kai tsaye. Sautin da ke bugu 1,000 a sakan, tsawon zangonsa kilomita 300 ne, eriyar da za ta yi masa aiki sosai sai ta kai kilomita 75, kuma ko da an gina ta, duk tashoshin duniya za su cushe a wuri ɗaya babu yadda za a raba su. Shi ya sa kowace tasha take samar da tata igiya mai saurin bugu wadda ba ta ɗauke da komai, ta ɗora muryar a kanta. Ni ina kiranta igiyar dako. Rediyon Tarayya na Kaduna da iyayenmu suka saba kamawa a kan kilohaz 594, igiyar dakonsa tana bugu 594,000 a kowane sakan. A tsarin AM, murya ce ke ƙara wa wannan igiya ƙarfi tana rage mata, ta kumbura ta motse daidai da hawa da saukar sautin, amma yawan bugunta yana nan inda yake. Reginald Fessenden ya aika muryar mutum ta wannan hanya tun a 1900, tazarar kusan mil ɗaya, kuma a 1920 tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a.

Ga abin da ba a gani da ido sai da lissafi ko na'urar awo. Da zarar ka sa igiya tana kumbura tana motsewa, ba igiya ɗaya gare ka ba kuma, uku ne. Idan aka busa sauti mai bugu 1,000 a makirfon tashar da ke kan 594, abin da zai fita daga eriya shi ne 594 ɗin kanta, da wata sabuwa a kan 595, da wata a kan 593. Idan magana ce ba busa ba, sai sama ta cika daga ɗan gaba da 594 har zuwa 597, ƙasa kuma har zuwa 591. Waɗannan su ne ɓangarorin gefe guda biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda a jikin rediyonka aka rubuta musu USB da LSB. Ka ɗauki jaki da mangala: jakin shi ne igiyar dako, aljihun dama da na hagu su ne ɓangarorin, kuma abin da ke dama shi ne sak abin da ke hagu, sai dai a juye yake kamar hoto a madubi. Duk saƙon yana cikin kowane aljihu shi kaɗai. Jakin kansa ba ya ɗauke da ko harafi ɗaya na maganar.

Yanzu dubi yadda wuta ke rabuwa. Taransimita mai igiyar dako ta wat 1,000, idan aka cika ta da sauti iyakar abin da za ta ɗauka, ɓangarorin biyu suna samun wat 500, wato 250 kowanne, jimla 1,500. Kashi biyu cikin uku na ƙarfin ya tafi ga jakin da ba ya ɗauke da saƙo, kuma ko a sauran ɗaya bisa ukun, rabi maimaici ne. Wannan ma a lokacin da sauti ya kai ƙololuwa ke nan. A magana ta yau da kullum, inda mutum ke sassauta murya yana numfashi, idan cikar ta tsaya a kashi 30 cikin ɗari, ɓangarorin biyu tare wat 45 kacal suke samu a kan wancan 1,000. Na daɗe ina kallon wannan da idona. Mai gabatarwa zai yi shiru yana neman takarda, allurar da ke nuna ƙarfin igiyar dako tana tsaye cik ba ta motsa ba, janareto yana ta shan gas a waje, ba a aika komai ba sai shiru mai tsada.

Abin da SSB ya zubar

A 1915 wani injiniyan kamfanin AT&T mai suna John Renshaw Carson ya nemi rajistar wata dabara: a danne igiyar dako tun a taransimita, a yanke ɓangare ɗaya, a aika ɗayan shi kaɗai, wannan shi ne SSB, wato ɓangaren gefe guda. Nan ne misalin jakin ya gaza, kuma ya kamata ka gaya wa ɗalibai haka, domin mangala ba ta tafiya sai da jaki, amma ɓangaren gefe shi kansa igiyar rediyo ce, yana fita daga eriya ya yi tafiyarsa ba tare da kowa ya ɗauke shi ba. An fara amfani da dabarar a wayoyin tarho masu nisa domin a cusa maganganu da yawa a waya ɗaya, sannan a watan Janairu na 1927 aka buɗe layin tarho ta rediyo tsakanin New York da Landan da wannan tsari. Ya yaɗu a gajeren zango bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da rundunar manyan jiragen yaƙin Amurka ta karɓe shi a 1957.

A cikin akwatin, aikin hawa uku ne. Akwai mahaɗi mai daidaito wanda ke gauraya murya da igiyar dako ta yadda igiyar za ta kashe kanta, ɓangarorin biyu su tsira. Sai rariya, wadda galibi da ƙananan duwatsun kiristal ake yin ta, mai barin faɗin kilohaz 2.4 zuwa 3 ya wuce ta tare sauran. Sai amfilifaya wadda dole ta ƙara ƙarfi ba tare da ta gurɓata siffar sautin ba. Rediyon zamani da yawa suna yin hawa biyun farko da lissafin kwamfuta, amma abin da ke fita daga eriya bai canja ba.

Ribar iri uku ce. Ta farko, duk wutar da aka kashe tana cikin saƙo, kuma idan ka yi shiru babu abin da ke fita. Ta biyu, faɗin da ake ci ya ragu daga kilohaz 6 zuwa 3, mutum biyu za su zauna inda ɗaya yake zama, kuma da yake mai karɓa ya rage faɗin ƙofarsa da rabi, hayaniyar da ke shigowa ita ma ta ragu da rabi. Idan aka haɗa waɗannan biyu, lissafin da aka saba yi shi ne SSB ya fi AM kusan ninki takwas a na'urori masu ƙololuwar ƙarfi ɗaya. Ta ukun ita ce wadda masu sauraron BBC Hausa a gajeren zango suka sani da kunnensu ko da ba su san dalilinta ba: murya tana tafiya lafiya, sai ta shaƙe ta koma kamar ana magana cikin tulu, sannan ta dawo. Saƙon yana isowa ta hanyoyi fiye da ɗaya bayan ya dawo daga sama, wani lokaci hanyoyin su kashe igiyar dako su bar ɓangarorin, akwatin AM kuwa in babu ita ba ya iya fassara komai. SSB ba ya dogara da igiyar da ta yi doguwar tafiya, saboda haka muryarsa tana raguwa ta ƙaru amma ba ta shaƙewa haka.

Kukan agwagwa

Akwatin AM na gida aikin da yake yi kaɗan ne ƙwarai. Dayod ɗaya da kafasita ɗaya, wasu ƙananan kayan lantarki biyu, suna bin kumburi da motsewar igiyar, murya ta fito. Igiyar dako ita ce ma'aunin da ake gwada ɓangaren gefe da shi: 595 ba ta da ma'ana sai an san cewa daga 594 aka ƙirga, sannan a ce sauti ne mai bugu 1,000. A SSB an cire ma'aunin. Idan ka saurare shi da akwatin AM, abin da za ka ji shi ne hawa da saukar ƙarfin maganar kawai babu ainihin sautukan, wannan ne kukan agwagwar da ka ji. Rediyonka lafiyarsa ƙalau.

Maɓallin SSB yana kunna wata ƙaramar na'ura a cikin akwatin, wadda a wasu rediyon aka rubuta mata BFO, ita ce ke ƙirƙiro igiyar dako ta gida ta mayar a gurbin wadda aka cire. Aikinka shi ne ka ajiye ta daidai inda ta asali take. Ka fara kama muryar a AM har ta yi ƙarfi, ka danna SSB, ka zaɓi ɓangaren da ya dace, sannan ka riƙa murɗa ƙaramin maɓallin daidaitawa a hankali ƙwarai. Za ka ji muryar ta taso daga gurnani ta zama ta mutum, idan ka wuce kuma ta koma siririya kamar ta yaro. Kuskuren bugu 100 ko 200 ya isa ya sauya muryar, alhali a AM ko ka kauce da kilohaz guda kana jin tasharka. Idan ka murɗa ta ko'ina maganar ta ƙi fitowa, to ɓangaren ne ba daidai ba, ka sauya. Masu rediyon sha'awa suna amfani da LSB a ƙasa da megahaz 10, wato kilohaz 10,000, USB a sama, jiragen sama da na ruwa da ƙungiyoyin agaji kuwa USB suke amfani da shi kusan ko'ina. Ka gwada tsakanin kilohaz 14,150 da 14,350 da la'asar zuwa magariba a USB, da tsakanin 7,050 da 7,200 da dare a LSB. Ka ɗaura waya mai tsawon mita goma a eriyar ka ja ta zuwa bishiya, kuma ka kashe inbata da cajar waya da ƙwan fitila masu araha, domin a gidajenmu yanzu su ne suka fi kowa cika gajeren zango da ƙara.

Hanya mafi sauƙi ta koyon hannun ita ce ka kama tashar AM mai ƙarfi ka danna SSB a kanta. Za ka ji fito, ka murɗa har fiton ya yi ƙasa ya ɓace, a nan igiyarka ta hau kan tasu daidai. Wannan yana da wani amfani kuma: idan wata tasha tana damun wadda kake saurare daga sama, ka zaɓi LSB ka guje mata.

Abin da ya hana gidajen rediyo komawa

An yi niyya. A taron da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi a Janiba a 1987, an tsara cewa tashoshin gajeren zango su koma SSB kafin ƙarshen 2015, amma ba a yi ba, daga baya aka janye wa'adin hankali ya koma kan tsarin dijital. A ganina dalilin a fili yake, kuma ina ganin daidai aka yi. Gidan rediyo taransimita ɗaya gare shi da masu saurare miliyoyi. Gas ɗin da yake ƙonawa a kan igiyar dako shi ne kuɗin da ya sa makiyayi a dajin Dansadau ko mai kamun kifi a Yauri zai sayi akwati mai batir biyu, ya murɗa da babban yatsa cikin duhu ya ji labarai. Da an cire igiyar, da an rage wa tasha ɗaya kuɗin wuta an ɗora wa kowane gida tsadar akwati da wahalar daidaitawa.

Akwai kuma maganar kiɗa. Sautin goge ko na sarewa yana da uwa da 'ya'ya, misali bugu 200 da 400 da 600, kowanne ninkin na farko. Idan akwatin SSB ya kauce da bugu 50, sai su koma 250 da 450 da 650, ba su ninka juna ba kuma, kunne ya ji abin ya yi tsami. Magana tana jure wannan, kiɗa da karatu mai rerawa ba sa jurewa.

Jiragen sama ma, idan suna magana da hasumiya a kusa, kamar mai sauka a Sakkwato ko Birnin Kebbi, AM suke amfani da shi a tsakanin megahaz 118 da 137. Ɗaya daga amfaninsa shi ne idan matuƙa biyu suka yi magana tare, igiyoyin dakonsu suna karo su yi fito, mai hasumiya ya san an taka wani. Sai sun yi nisa a kan sahara ko teku suke komawa gajeren zango da USB.

Maganar ƙungiyarku

A nan lissafin ya juye. Tasha biyu ce ko uku, kowace tana watsawa tana karɓa, wuta kuma daga batir da sola take, saboda haka SSB ne ya dace. Rediyo mai wat 100 irin na Codan ko Barrett ko Icom yana aiki da batir mai bolt 12, yana jan kusan amfiya 20 a ƙololuwar magana kawai, yana jan ɗaya zuwa biyu idan yana saurare. Batir mai kyau da faifan sola matsakaici sun ishe shi. Ƙaramin akwatin da ka saya kuwa na saurare ne kawai, ba ya aikawa.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne eriya. Daga Mafara zuwa Gusau kusan kilomita ɗari ne, kuma wannan tazara ce mai wuyar sha'ani: ta yi wa igiyar da ke bin ƙasa nisa, ta kuma yi kusa ga wadda ke tashi a karkace ta bugi ayonosfiya, wato rufin iskar da rana ta caja can sama, ta sauko. Na taɓa zuwa wani asibitin karkara inda aka kafa musu eriyar tsaye mai tsada, suna jin mutanen ƙasashen waje rangaɗau amma ba sa jin hedikwatarsu da ke ƙasa da tafiyar awa biyu a mota, har an yanke hukuncin cewa rediyon ya lalace. Na sauke ta, na shimfiɗa waya a kwance tsakanin sanduna biyu, tsayin mita biyar zuwa shida daga ƙasa, aka haɗa kebul a tsakiyarta. Waya a kwance kusa da ƙasa tana harba saƙon sama kusan a miƙe, ya dawo ya bazu a kewaye kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ya rufe kilomita ɗaruruwa babu giɓi. A ranar suka yi magana. Tsawon wayar kuwa, ka raba 143 da yawan megahaz: a megahaz 7 kusan mita 20 ne, a megahaz 5 kusan mita 28 da rabi. Wannan hanya tana aiki ne a ƙananan lambobi, wajen megahaz 5 zuwa 8 da rana, 3 zuwa 5 da dare, domin rufin yana sauya hali da fitowar rana da faɗuwarta. Saboda haka ku nemi mitar rediyo biyu, wato lambobin megahaz biyu, ta rana da ta dare.

Kuskure na biyu shi ne siririyar wayar batir. Duk lokacin da mai magana ya ɗaga murya wutar sai ta faɗi, muryar ta karye, a ɗora wa rediyon laifi. Ku sa waya mai kauri, gajera, da fis kusa da batir. Na uku shi ne ihu a makirfo ko ƙure maɓallin ƙarfinsa, wanda ba ya ƙara nisa, sai dai ya sa amfilifaya ta wuce iyakarta, muryar ta dagule ta fantsama kan maƙwabta.

Abu biyu zan faɗa da nauyi. Na farko, ba a watsa komai a gajeren zango sai da lasisi da mitar da hukumar gwamnatin tarayya ta ba ku, kuma a halin tsaron da Zamfara take ciki, wanda aka gani da doguwar eriya da rediyon aikawa babu takarda ya jawo wa kansa da ƙungiyarsa babbar fitina. Ku fara da takarda kafin ku sayi ko dunƙulen waya, ku kuma sanar da jami'an tsaro da sarautar yankin inda za ku kafa. Na biyu, SSB ba sirri ba ne. Kukan agwagwar yana ruɗin mutum ya zaci an ɓoye maganar, alhali duk mai akwati irin naka zai ji ku, daga Maradun har Maraɗi. Kada a ambaci kuɗi, ko ranar da mota za ta taso da kaya, ko hanyar da za ta bi.

Daga inda nake ba zan zaɓa muku mita ko in ba ku tabbacin cewa kowace sa'a za ku samu juna ba, domin wannan ya danganta da abin da hukuma ta ba ku, da yanayin rana a shekarar, da irin ƙarar da ke unguwar wakilinku a Gusau. Sai an kafa an gwada. Ku yi mako guda kuna kiran juna da safe da azahar da bayan isha'i, kuna rubuta yadda kuka ji, daga nan ku tsayar da lokutan kira. Da damina tsawa za ta cika ƙananan mitoci da ƙara, musamman da yamma, sai ku mayar da muhimmiyar magana safiya. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara caji a jikin doguwar waya har ta yi tartsatsi, saboda haka a kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi a haɗa jikin rediyon da shi, a sa abin kare tsawa a kan kebul, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu a cire kebul ɗin eriya daga rediyon a ajiye bakinsa nesa da mutane.